Me yasa ruwan kogi yake ɗumi da asubar hunturu?

Tambaya: Salam malam, ni masunci ne a kogin Kaduna. Lokacin hunturu in na fito da asuba sanyi kamar ya kashe mutum amma sai inji ruwan da ɗumi har hayaƙi yake tashi a kansa, in kuma bazara tazo ana tafka zafi sai inji shi da sanyi. Dan Allah meye dalili?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Shi ruwa nauyin jiki gareshi, baya saurin ɗaukan zafi kuma in ya ɗauka baya saurin saki. Zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa da digiri 1 ya ninka na kilo ɗaya na iska wajen sau 4. Toh da daddare iska tana hucewa nan da nan, shi kuwa kogi yana nan riƙe da zafin ranar jiya, shiyasa in ka tsoma hannunka da ya ƙandare sai kaji ɗumi, ba wai ruwan ya ƙara zafi bane cikin dare, hasali ma da asuban nan yafi kowane lokaci sanyi. Hayaƙin kuma tururi ne yake tashi daga ruwan, yana haɗuwa da iska mai sanyi sai ya koma ƙananan ɗigo. Na bazara shima haka ne, iskar ce ta riga shi zafi.

Abinda mutane basu cika lura dashi ba, mafi yawan zafin kogi daga hasken rana yake shiga kai tsaye, ba daga iska ba. Da hunturu hazo yana tare rana, ga busasshiyar iska tana kwashe tururi tana tafiya da zafin, yadda ruwan randa yake sanyi saboda tsattsafon da yake bushewa a jikinta, kaga a hankali cikin makonni sai kogin ya huce, Disamba da Janairu yafi sanyi.

Zurfi ma yana da nashi. Ruwan rani da ya janye ya rage iya ƙauri a kan yashi, kafin la'asar ya ɗau zafi, amma gurbi mai zurfi ko inda bishiyoyi suka yi inuwa da kyar yake canzawa. Ƙasan dam irin Shiroro kuma lissafin daban ne, ruwan da ake saki daga can ƙasa sau da yawa yafi na saman tafkin sanyi.

Wannan ya shafi sana'arka sosai, don ruwa mai digiri 20 yana riƙe oksijin, wato iskar da kifi yake shaƙa a cikin ruwa, kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa wajen 7.5 ne, shiyasa da bazara kifi yake gudu zuwa zurfi da inuwa. Gaskiya saran bishiyoyin bakin kogi yana damuna ƙwarai, inuwar nan ce mafakar kifin da kuke nema.