Damo da Gwanda: Amsa ga Yarona

Yarona, ka aiko mini da hoton bidiyo na wani ƙaton damo a kan bishiya yana haɗiyar 'ya'yan itace, sannan ka tambaye ni ko za mu fara ba wa namu gwanda da ayaba, tun da sun fi gyare da katantanwa araha a kasuwa. Amsar ita ce a'a, kuma da na ga tambayar sai da raina ya ɓaci, domin irin wannan magana ce ta taɓa jawo mini asarar da har yau ban huce ba.

Abin da ka gani a waya gaskiya ne, amma ba damonmu ba ne. A cikin dangin damo da guza, waɗanda suka haura iri 70 a duniya, uku ne kawai aka tabbatar suna rayuwa a kan 'ya'yan itace, kuma dukkansu a tsibiran Filifin suke. Akwai butaan na kudancin Luzon da tsibirin Polillo, wanda Ba'amurke Walter Auffenberg ya wallafa bincike a kansa a 1988. Akwai mabitang na tsibirin Panay, wanda masana suka ba shi suna a 2001. Sai bitatawa na tsaunukan arewacin Luzon, mai kai wa tsawon mita 2, wanda sai a 2010 masana suka ba shi suna, alhali mafarautan wurin sun daɗe suna cin namansa. Su ma ba kayan zaƙi suke nema ba. Butaan yana zaɓar 'ya'yan itace masu mai, musamman na wata bishiya 'yar uwar atili, da na fandanus mai ganye dogo mai ƙaya. Yana haɗiye su sukutum, ya fitar da ƙwallon a kashi, kuma Allah Ya yi masa wani aljihu mai faɗi a hanjinsa wanda namu ba shi da irinsa. Duk da haka yana haɗawa da katantanwa da ƙaguwa.

Namu damon kuwa, wani Baturen Ingila mai suna Daniel Bennett, wanda ya yi aiki a kan butaan ɗin ma, ya bi shi a dajin nan na Ghana yana duba abin da yake ci. Abin da ya samu shi ne abin da kowane ɗan farauta ya sani: gyare, da fara, da kadandoniya, da kunama, da katantanwa, da kwaɗi. Ka buɗe bakin babban damo ka dubi haƙoransa na ciki, za ka ga dasassu ne, na fasa ƙoƙon katantanwa.

Wata shekara, a farkon damina lokacin da ƙanana suke ƙyanƙyashewa, wani dillali da ke kai wa masu fitar da dabbobi waje ya ba ni kafin alƙalami a kan 'ya'yan damo 120, da alkawarin zai kwashe su cikin mako guda. Na tara su, lafiyayyu, kowane da gindin wutsiya a cike. Mako ya wuce, ya ce takardun izini ba su fito ba. Da na nemi kuɗin abincinsu, sai ya zaro wata mujallar Turawa mai hoton butaan, ya ce ai ilimi ya ci gaba, yanzu an gano damo yana cin 'ya'yan itace, kuma mai sayen nasa ma haka yake ciyar da nasa. Ya rantse mini, ya kuma aiko da kwandon gwanda da ta fara lalacewa. Ina da shekara fiye da 20 a wannan sana'a a lokacin, amma kuɗin gyare ya fi ƙarfina, kuma na ɗauka wanda ya yi rantsuwa da Allah ba zai yi mini ƙarya ba.

Abin da ya ƙara ruɗe ni shi ne na riƙa ganinsu suna taruwa a kan gwandar suna kai baki. Ashe ƙudaje da tsutsotsin da suka taru a kanta suke tsinta. Damo ba ya kuka, ba ya nuna yunwa, shi ya sa ake kiransa sarkin haƙuri. Babba yakan shafe watannin rani a rami yana cin kitsen jikinsa. Ƙarami ba shi da wannan ajiya. Kafin na farga, gindin wutsiyarsu ya zube, ƙashin ƙugu ya fito, ruɓaɓɓiyar gwanda ta jawo cinnaka da danshi, bakin wasu ya kumbura ya fara ruɓa. A mako na biyar kullum da safe sai na kwashe gawa.

Ranar da dillalin ya dawo, 52 suka rage. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana yatsina, ya zaɓi 30, ya ce sauran ba za su kai filin jirgi da rai ba. Da na tuna masa maganar gwanda, sai ya dube ni a gaban yarana ya ce shi bai taɓa faɗin haka ba, ai ni ne gwani, shi ɗan kasuwa ne kawai. Ya cire kafin alƙalaminsa daga kuɗin, ya bar ni da bashin masu kamowa, wanda sai da na sayar da babur ɗina na biya. Sauran 22 na yi jinyarsu da gyare har suka murmure, na mayar da su daji. Wannan mutum har yanzu yana gaishe ni idan mun haɗu, ni kuwa amsawa kawai nake yi saboda haƙƙin sallama.

Abin da ke damuna da ku 'yan zamani shi ne kun fi yarda da bidiyon minti ɗaya fiye da dabbar da ke gabanku. Wata 8 kana tare da ni, kullum kana share kashinsu, amma ba ka taɓa tsayawa ka fasa shi ka ga ƙafafun ƙwari da ɓawon katantanwa a ciki ba. A zamaninmu maigida ba ya faɗa maka wannan, da idonka za ka gani.

Yadda ake riƙe su da yadda ake ba su ruwa da rana ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai iya wannan ba ya nemi wata sana'a. Idan kuɗin abinci ne matsalar, gwanda tana da amfani guda: ka yanka ta ka ba wa gyare da kyankyasan da muke kiwo, su ƙoshi, sannan ka ba wa damo su. Yau da daddare ka ɗauki tocila ka je gonar bayan gida, an yi ruwa jiya, katantanwa za su fito. Gobe da safe kuma ina so ka taɓa gindin wutsiyar kowane ɗaya a keji na uku, ka ware mini waɗanda suka fara ramewa.