Layin da ya yi aiki jiya, yau ya mutu

Ka ce jiya rautocin nan biyu na kan benci, na'urorin da ke haɗa hanyar sadarwar kwamfutoci da wata, suna gaisawa lafiya ƙalau, yau da safe ka kunna, ping, saƙon gwajin layi, ya ƙi wucewa. Ka sake buga adireshi a ta biyun, ka tayar da ƙofar siriyal, inda kebul ɗin da ke haɗa su yake shiga, amma har yanzu tana nuna maka up a gefe ɗaya, line protocol kuma down. Sai ka ce wai ko kebul ɗin ne ya lalace, Oga a sayo sabo.

Kebul ɗin nan ya girme ka a shagon nan, kuma lafiyarsa lau. Ku yaran yanzu da abu ya cije sai ku ɗora wa kaya laifi, don a Packet Tracer, manhajar kwaikwayon rauta, kuka tashi, inda ba a ɗauke wuta, ba a kuma biyan kuɗin mota. Ba zan tsaya koya maka adireshi da mask ba, wanda bai san mask ɗin /30 adireshin na'ura biyu kawai yake bayarwa ba bai kamata ya taɓa rauta ba. Tambaya ɗaya zan yi maka: da ta biyun ta tashi, wane suna ta nuna maka? Idan sunan da ka raɗa mata jiya ya ɓace ta koma Router kawai, har tana tambayar ko za ka shiga saitin farko, to ta tashi ne fayau, ba ta tuna komai ba. Ta farkon tana nan da PPP ɗin da ka sa mata, wato yaren da take magana da shi a layi, ita kuwa wannan ta koma HDLC, yaren da da shi Cisco, kamfanin da ya ƙera su, ke haihuwar kowace ƙofar siriyal. Wuta na bin waya, amma yare ya bambanta. Shi ne up da down ɗinka.

Ka rantse ka adana aikinka? Na yarda. To buga show version, ka sauka layin ƙarshe, inda lambar rajista take, wadda ke gaya wa rauta yadda za ta tashi. In ka ga 0x2102, ba ka adana ba, ka yi shiru. In ka ga 0x2142, zauna ka ji abin da lambar nan ta ci mini.

Shekarun baya wani ɗan kasuwa ya ba ni aikin haɗa sitonsa na Kano da reshensa na Gusau. Na ce a sayi sababbin rautoci, ya ce tsada, ya je ya kwaso na gwanjo da kansa. Ɗaya ta zo a kulle da kalmar sirrin mai ita na da. Na bi hanyar da kowa ke bi: na katse ta tana tashi, na shiga ROMMON, ɗan ƙaramin shirin da ke tayar da ita, na mai da rajistar 0x2142 don ta tsallake tsohon saiti. Na kai ta Gusau da hannuna na ɗaura, a can na zuba mata nawa, na adana. Layi ya tashi, akawunsa na Kano yana ganin kayan da ke fita a can. Ya ba ni rabin kuɗi, ya ce cikon sai ƙarshen wata. Abin da ban yi ba guda ɗaya ne: ban mai da rajistar 0x2102 ba. Layi ɗaya tak.

Mako uku tana kan inbata ba ta mutu ba, saboda haka ba wanda ya sani. Ranar da batir ya ƙare ta mutu ta tashi, ta tsallake duk abin da na adana, ƙofofinta duka a rufe. Daga Kano ba ni da ta inda zan shige ta, don hanyar shigar ita ce ta mutu. Yaron da ke can bai san kebul ɗin konsol da ake shiga rauta da shi kai tsaye ba, shuɗin nan da kake wasa da shi. Asubar fari na kama hanya, ta Malumfashi, ta Funtuwa, ta Tsafe, da kuɗin aljihuna. Da na isa, aikina yana kwance a NVRAM, ma'ajiyar saitin rauta, ko ɗigo bai goge ba. Na kwafo shi da copy startup-config running-config, na buɗe ƙofofin, na buga config-register 0x2102. Ko shayin da aka kawo mini bai huce ba layi ya dawo.

Kuskurena ne, ban taɓa musu ba, kuma na gyara ban nemi ko kwabo ba. Amma mutumin nan da na je karɓar ciko, a gaban yaran shagonsa ya ce na ƙona masa kaya, ya yi asarar cinikin kwana biyu, ni ne ma zan biya shi. Kayan da ya saya a gwanjo, batirin da na ce ya canja tun ranar farko ya ƙi! Ba takarda tsakaninmu, sai "ai mu 'yan'uwa ne". Ya ci gaba da amfani da layin shekara da shekaru, cikona kuwa har yau. Allah ya isa tsakanina da shi.

To ka kiyaye hannunka yanzu. Rauta tana fayau, kada ka kuskura ka buga write, umarnin adanawa, don fankon zai hau kan aikinka na jiya ya shafe shi. Duba show startup-config tukuna, kwafo, buɗe ƙofa, gyara rajista, sannan ka adana. In layin ya ƙi tashi, show controllers zai nuna maka wane bakin kebul ne DCE, wato gefen da ke ba layi gudunsa, can ake sa clock rate. Kuma kada ka zo mini da murna don rauta ta ga rauta. Yi ping daga kwamfutar wannan gefe zuwa ta wancan, ka buɗe show ip route a duka biyun, don saƙo yakan isa ya rasa hanyar dawowa.

In ka gama, zare mata wuta daga bango a gabana, ka mayar. Sai ta tashi da sunanta ping ya wuce, sannan ka tafi cin abinci.