Ƙanena, ga amsar tambayarka kan zama ɗan Amurka "na gaske"

Salam ƙanena. Na ga saƙonka tun ranar Talata, aikin dare nake yi satin nan shi ya sa ka ji ni shiru, kuma gaskiya da na ga farkonsa na ɗauka irin na kullum ne, Yaya a nemo min makaranta, Yaya a turo min takardar gayyata, kai ne na huɗu a watan nan. Sai da na karanta har ƙasa na ga tambayar taka daban ce, to bari in amsa a nan kowa ya gani in huta.

Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a Amurka kuma in Allah ya yi so kake ka zauna gaba ɗaya, amma Baba ya ce maka duk daɗewar icce a ruwa ba ya zama kada, sannan ka ga bidiyon JD Vance, wanda ya zama mataimakin shugaban Amurka a 2025, yana cewa Amurka ba aƙida ce kawai ba, ƙasa ce ta mutanen da suka haɗa tarihi. Shi ne kake tambaya wai in mutum ya samu fasfonsu ya zama ɗan ƙasa kamar kowa, ko har ya mutu baƙo ne.

Kafin in taɓo Amurka bari in tuna maka wani abu da ka sani. Kakanmu ya zo Jos zamanin haƙar kuza, a Jos aka haifi Baba, a Jos aka binne cibiyata, amma ranar da na je neman takardar shaidar ɗan asali saboda tallafin karatu cewa aka yi in koma garinmu. Wane garin? Sai da na shiga mota na tafi wani ƙauye a Kano da ban taɓa kwana cikinsa ba ina neman dattijon da ya san kakana don dagaci ya sa hannu. Kuma kar mu yi ta kukan an zalunce mu, mu ma haka muke yi wa Ibon da aka haifi ubansa a Sabon Gari. Da wannan tabon na hau jirgi a 2011, bayan na ci lotirin biza.

A 2017 na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa a nan Kolombos, jihar Ohayo. Shekara biyar da girin kad, wato takardar zama na dindindin, ga haraji ban taɓa tsallakewa ba, ga tambayoyi 100 na tarihi da tsarin mulki da na haddace kamar ina shirin hadda gaban malam, a lokacinmu 10 ake yi maka ka ci 6. Ranar rantsuwar muna cike da zaure, Somaliyawa, 'yan Nepal, 'yan Gana, wata tsohuwa a keken guragu, muka ɗaga hannu muka ce mun yafe biyayya ga duk wani sarki ko wata ƙasa, a wurin sarkin nan sai da na yi murmushi don Sarkin Kano ne ya faɗo min a rai. Alƙali ya ce daga yau ku da ni ɗaya ne a gaban doka. Wallahi na yi hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Ba wanda ya tambaye ni garin kakana. Abin da na kasa samu a garin da aka haife ni bayan zuriya uku, na same shi a nan cikin shekara shida, kuma da wannan takardar na yi zaɓe, aka kira ni aikin masu taya alƙali yanke hukunci, na sayi gida da sunana. To in ka ji suna cewa ƙasarsu a kan aƙida aka gina ta ba a kan jini ba, kar ka ce ƙarya ce zalla, na ga amfaninta da idona.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, kuma shi nake so ka fi riƙewa.

Ko wata huɗu ban yi da rantsuwar ba, ina aikin dare a asibiti, na shiga ɗakin wani dattijo Bature zan duba shi, ya kalli sunan da ke ƙirjina, ya ji harshena, sai ya janye hannunsa ya ce a kawo masa ɗan Amurka na gaske. Ni da na yi shekara uku ina ɗaukar kwali a sito da rana ina karatun jinya da dare, ƙafafuna har kumbura suke, ni da na ci jarabawar da rabin 'yan ajinmu haifaffun nan suka faɗi. Na fito na tsaya a baranda jikina yana rawa. Wata abokiyar aikina baƙar fata 'yar asalin Alabama ta zo ta dafa ni ta ce ɗan'uwa, mu shekara ɗari huɗu muna nan kuma har yau wasu ba su gama yarda ba, kai da ka zo jiya me kake gaggawa. Ban taɓa manta maganar nan ba. Ba kullum ake samun irin dattijon nan ba, yawancin mutane suna da kirki, amma tambayar "asalinka daga ina" kam za ka sha ta har ka gaji, kuma in ka ce Kolombos sai a yi dariya a ce a'a, asali dai.

Ita ce ta sa na fara karanta tarihinsu da gaske, ba na cin jarabawa ba. Takardar 'yancin kansu ta 1776 ta ce duk mutane daidai aka halicce su, wanda ya rubuta ta Thomas Jefferson kuma ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. Dokar farko ta ba baƙi ɗan ƙasanci a 1790 farar fata kaɗai ta yarje wa. A 1857 kotun ƙoli ta ce baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba, sai da aka yi yaƙin basasa aka zubar da jini kafin gyara na 14 a kundin tsarin mulki a 1868 ya ce duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne. 1882 aka rufe wa 'yan Sin ƙofa. 'Yan asalin ƙasar su kansu, waɗanda Turawa suka tarar, sai 1924 aka ba dukkansu ɗan ƙasanci, ka ji ikon Allah. A 1942 aka kwashe Japanawa kusan 120,000 aka tsare a sansani, yawancinsu da takardar ɗan ƙasa a hannu. Irinmu kuwa sai bayan dokar shige da fice ta 1965 ƙofa ta buɗe mana sosai. Kenan masu cewa aƙida da masu cewa asali tun ranar farko suke kokawa, yau wannan ya kayar gobe wancan, kai kuma da kake shirin zuwa tsakiyar filin kokawar za ka sauka da akwatinka.

Maganar Vance ɗin na kalle ta kai tsaye a 2024, a babban taron jam'iyyarsu. Misali ya kawo da wata maƙabartar danginsu a tsaunukan gabashin Kentucky inda aka binne su zuriya bayan zuriya. Ina ji na ce kai, ai wannan maganar gida ce! Ina kabarin kakanka, ita ce dai tambayar da aka yi min a Jos, an sa mata kwat da laktaye. Kuma ban ce babu gaskiya ko kaɗan a ciki ba, mutum yana son inda iyayensa ke kwance, ba wanda zai ce min son Kano aƙida ce. Amma in da kabari za a auna, a 1991 an tono maƙabartar bayi 'yan Afirka a kudancin Manhattan cikin birnin New York, an ƙiyasta mutum 15,000 aka binne a wurin tun kafin a kafa ƙasar. Akwai Umar bin Sa'id, malami daga Futa Toro da aka sayar bawa, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 a Karolina ta Arewa. Jikokin waɗannan fa? Shi kansa Vance matarsa 'yar baƙi ce daga Indiya. Obama yana kan kujerar shugaban ƙasa sai da ya fito da takardar haihuwarsa a 2011 saboda surutu, Ilhan Omar, haifaffiyar Somaliya, tana majalisa taron jama'a suna ihu a mayar da ita inda ta fito a 2019. Amma kuma ƙasar nan dai ita ta zaɓe su, Keith Ellison ma, Musulmi na farko a majalisar dokokinsu, da Alƙur'anin Jefferson ya yi hoton rantsuwarsa a 2007. Duka biyun Amurka ne.

Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne, duk wannan daɗin na takarda sai ka samu takardar tukuna, kuma bizar karatu ba ita ba ce. Baƙo ne kai a doka, awa 20 a sati aka yarda ka yi aiki kuma a cikin makaranta, ka gama a ba ka shekara ɗaya ta gwajin aiki, in fannin kimiyya ne a ƙara biyu, daga nan in ba kamfanin da ya tsaya maka sai gida. Lotirin da na ci an cire Najeriya tun 2013, duk mai shagon intanet da ya ce zai cika maka fom ɓarawo ne. A 2020 an dakatar da bizar zama ta 'yan Najeriya, Biden ya ɗage a 2021, a Yunin 2025 aka rufe wa Chadi da Sudan, wata ɗaya bayan nan aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku shiga ɗaya. Har haƙƙin ɗan da aka haifa a nan Trump ya sa hannu a taɓa shi ranar da ya dawo mulki a Janairun 2025, aka tafi kotu. Dokokin nan canzawa suke kamar iskar damina, don haka kar Baba ya sayar da filin nan sai ka duba abin da ake ciki a ranar, kuma ka bi Facebook ɗinka ka duba me ka taɓa rubutawa don yanzu suna dubawa. In ka zo ka bar takardarka ta mutu, wallahi babu wata aƙidar Jefferson da za ta cece ka, na san bayin Allah da suka shekara goma sha suna ɓuya, iyayensu suka rasu ba su je ko ta'aziyya ba.

Wanda ya fi min ciwo ma ba dattijon asibiti ba ne. 'Yata ta fari a nan aka haife ta, kullum da safe sai sun dafa ƙirji a aji sun yi wa tuta alkawari, ita doka ta yarda ta nemi shugabancin ƙasa, ni har abada ban isa ba. In na yi mata Hausa da Turanci take amsawa. Da muka je gida Hajiya ta riƙe hannunta tana mata wasan jika, yarinya ta juyo tana tambayata me take cewa, Hajiya ta yi shiru ta kalle ni kawai. Yaran unguwa Ba'amurkiya suke kiranta, ita kuma ko a jikinta don haka ta ɗauki kanta. Iccen Baba dai bai zama kada ba, amma abin da ya haifa ya zama, kuma ba wanda ya gaya min wannan kafin in taso.

Bara jama'ar masallacinmu suka yi karo-karo za a ƙara filin maƙabarta, don kai gawa gida kuɗi ne mai yawa ga jinkirin da addini bai so. Na daɗe ina riƙe da fom ɗin a mota ban cika ba, kullum ina cewa ai ni gida zan koma. A watan azumi na biya na mutum biyu, ni da matata. Hajiya ba ta sani ba, kar in ji ka gaya mata. Ka turo min takardar da makarantar ta ba ka in ga nawa suka rubuta kuɗin shekara, don na san ba ka lissafa inshorar lafiya ba.