Tambaya da Amsa: Me ke kayar da kumbunan kamfanoni a duniyar wata?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Tun 1969 ɗan Adam ya taka wata, amma yau muna jin kumbunan kamfanoni marasa matuƙi suna ta kifewa a can. Ina matsalar take? (Ɗalibi daga Tawa)

Amsa: Ɗana, wuyar aikin tana wajen sauka. Wata ba shi da iska, don haka laima ba ta da amfani. Kumbo na kewaya shi da gudun kusan kilomita 6,000 a awa, kuma injin roka ne kaɗai birkinsa. Ba a iya tuƙa shi daga nan, domin saƙo na cin daƙiƙa 2.6 zuwa da dawowa. Kwamfutar ciki ce direba, na'urar auna tazara ce idonta. Idan idon ya samu matsala, shi ke nan.

Dubi Hakuto-R na kamfanin ispace na Japan, a Afrilun 2023. Da ya gifta bakin wani rami, awon tazara ya sauya farat ɗaya da kusan kilomita 3. Kwamfuta ta ɗauka na'urar ce ta lalace, ta daina sauraronta. Ta zaci an isa ƙasa alhali saura kilomita 5, kumbon ya yi ta sauka sannu har mai ya ƙare, ya faɗo.

Na Odysseus, kumbon Intuitive Machines na Amurka, ya fi ban takaici: ba a kunna makunnin na'urarsa ta auna tazara da hasken leza ba kafin a harba shi. Ran 22 ga Fabrairun 2024 ya dira da gudun da ya wuce kima, yana jan gefe, ƙafa ta karye, ya kishingiɗa. Tsayinsa ya haura mita 4, ga nauyin abu a wata kashi ɗaya cikin shida ne na nan. Kamar motar da aka yi wa lodi har sama a hanyar Agadas, ɗan gargada ya isa.

Blue Ghost na kamfanin Firefly na Amurka kuwa gajere ne, tsayi mita 2, faɗi mita 3.5, ya kuma zaɓi shimfiɗaɗɗen fili. Ran 2 ga Maris 2025 ya sauka tsaye cak. A ganinmu wannan siffar ta fi hikima.

Tambaya: Wa ke biyan kuɗin, kuma me ya sa ba sa daɗewa? (Malamar makaranta daga Yamai)

Amsa: Malama, galibin na Amurka hukumar NASA ce ke biyan kuɗin dako, kamar ɗan kasuwar da ya ba mai mota kayansa. Na'urorinta goma Blue Ghost ya ɗauka. Rashin daɗewa kuma daga dare ne. Yinin wata ɗaya ya kai kwana 14 na duniya, darensa ma haka. Da faɗuwar rana faifan sola ya daina ba da wuta, sanyi ya zarce digiri 130 ƙasa da sifili, batir ya mutu. Shi ya sa ake saita sauka da hantsin wata, a ci moriyar makonni biyun.