Amsa kan tara gudummawa da sunan ƙungiyar da ba ta da rajista a Makka

Malam, ka tambaya ko ƙungiyarku ta Hausawa mazauna Makka za ta iya tara kuɗi ta WhatsApp don marayu da marasa lafiya alhali ba ta da rajista. Amsa ita ce a'a, domin a Saudiyya ba a yarda a nemi gudummawar jama'a ba sai da izinin hukuma. Dokar ƙungiyoyin sa-kai da aka fitar a 2015 ta ce sai 'yan ƙasa aƙalla 10 sun haɗu kafin a kafa ƙungiya, kuma cibiyar kula da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, wadda aka kafa a 2019, ita ce ke bayar da rajistar. Idan akwai 'yan'uwanmu masu takardar zama ɗan ƙasa a cikinku, su ne ya dace su shige gaba.

Abin da ya fi damuna shi ne ma'ajinku. A irin ƙungiyoyinmu na sha ganin kuɗin jama'a na shiga asusun bankin mutum ɗaya, lissafin kuma yana cikin wani ɗan littafi a aljihun jallabiyarsa, kuma ranar da banki ya tambayi inda kuɗin suka fito, shi kaɗai zai amsa, ga iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, cikin haɗari duk da kyakkyawar niyyarsa. Don Allah ku dakatar da karɓar kuɗin, ku riƙa bayar da taimakonku ta Ehsan, manhajar gwamnatin Saudiyya ta bayar da sadaka, ko ta wata ƙungiya mai rajista, sannan ku nemi lauya ya duba kundin tsarinku kafin ku miƙa takardu.