Haɗin sanyi zan saya ko gwajin jini zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Wata takwas ke nan ban ga al'ada ba, ga ruwan nono na fitowa, alhali ba ciki gare ni ba, ba kuma shayarwa nake ba. Wata mai talla a Facebook ta ce sanyi ne, in sayi haɗinta na gari da tsumi. Kuɗin hannuna ba za su ishi haɗin da asibiti duka ba. Wanne zan zaɓa? Daga wata baiwar Allah a Yalwa, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kai kuɗin nan asibiti. Abin da kika lissafa ya fi kama da hauhawar furolaktin, sinadarin da ke sa nono ya kawo. Wani ɗan ƙulli ne yake samar da shi, girmansa kamar ƙwayar wake, yana ƙasan ƙwaƙwalwa, likitoci na ce masa fitiyutari. In sinadarin ya yi yawa sai al'ada ta ɗauke, ciki ya ƙi shiga. Tsumi ba ya sauke shi, kuma ina takaicin yadda ake kiran kowace matsalar mace sanyi.

Ki je ɓangaren mata na Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa. Za a sake gwajin ciki, a auna furolaktin, a duba sinadarin tayirod, wani ƙulli da ke maƙoshi, don rauninsa ma yana jawo haka. Ki tafi da kwalayen duk maganin da kike sha: metoclopramide na tashin zuciya da wasu magungunan taɓin hankali suna ɗaga shi. Kada ki riga likita biyan kuɗin hoton ƙwaƙwalwa na MRI, sai sakamakon jini ya nuna buƙatarsa.

Ko an ga ƙari a ƙullin fitiyutari, galibi ba ciwon daji ba ne, ƙwayar magani ke rage girmansa. A cikin irin wannan maganin, bromocriptine ya fi araha, amma kullum ake sha, yakan sa jiri da tashin zuciya, shi ya sa ake sha da dare bayan an ci abinci. Cabergoline ya fi tsada, sau ɗaya ko biyu a mako, jiki ya fi jure shi. Ki gaya wa likita ƙarfin aljihunki da kuma ko kina neman haihuwa, ku zaɓa tare. A kantin magani mai rajista za ki saya, ki duba lambar NAFDAC.

In kuwa akwai ciwon kai mai naci, ko kin daina ganin abin da ke gefenki sai kin juya, kada ki jira kuɗi su taru, ki tafi cikin makon nan.