Me ya sa wani alade ke tara kitse, wani kuma tsoka?

Tambaya: Abinci iri ɗaya nake ba aladuna, amma wasu na saurin girma, wasu kuwa sai tara kitse. Na ji an ce masana sun zana taswirar gadon alade. Me za ta amfane ni da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka gani ba na abinci kaɗai ba ne, akwai gado a ciki. Alade yana da kiromosom 38, wato wasu ƙananan zaruruwa da ke cikin ƙwayoyin halittar jikinsa, rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma a kansu ne ƙwayoyin gado suke jere. Taswirar nan ita ce ke nuna wurin da kowace ƙwaya take da irin aikin da take yi.

A 1994 Leif Andersson da abokan aikinsa a Uppsala ta ƙasar Suwidin suka haɗa aladen daji na Turai da aladen gida irin Large White, suka bi jikokinsu suna awo. Sai suka gano wani yanki a kiromosom na 4 mai tasiri sosai kan girma, da tara kitse, har ma da tsawon ƙaramin hanji. Daga baya aka gano tasirin ƙwayar gado mai suna MC4R a kiromosom na 1, wadda ke taɓa yawan cin abinci: alade mai wani nau'inta ya fi ci, ya fi saurin girma, amma kitsen bayansa ya fi kauri.

Amfaninka a nan shi ne kaurin kitsen baya yana bin gado sosai, fiye da yawan 'ya'yan da mace ke haifa. Don haka zaɓen aladen da za ka bari su hayayyafa yana aiki. Ka auna nauyi duk wata, ka rubuta. In akwai mai na'urar hoton ciki, a auna kitsen daidai haƙarƙari na ƙarshe, santimita 6.5 daga tsakiyar baya.

Tambaya: Namiji zan fi kashe wa kuɗi ko mace?

Amsa: Namiji. Shi ɗaya yana barbarar mata da yawa. Sannan akwai ƙwayar gado mai suna IGF2 a kiromosom na 2, wadda aka gano wani sauyi a cikinta a 2003. Tana ƙara tsoka, kuma wadda ɗa ya gada daga uba ce ke aiki.

Sai dai kada son nama marar kitse ya rufe maka ido. Wani sauyi a ƙwayar gado mai suna RYR1 da aka gano a 1991 yana ba da tsoka, amma aladen da ya gaje shi ta ɓangaren uwa da uba yakan faɗi ya mutu saboda zafi ko wahalar jigila a mota, namansa kuma ya yi fari-fari yana zubar da ruwa. Wannan asara ce da nake ganin ba ta da dalili, tunda akwai gwajin da ke nuna shi. Kafin ka sayi namiji, ka nemi a nuna maka sakamakon gwajin.